Ranar da na matsar da tsaka

"Karɓi kayanki, mun iso tsaka!"

Yayata ke nan. Ko gammo ban gama naɗewa ba ta kife mini kwandon bandar kifi a ka, ta yi gaba tana karkaɗe hannu.

Shekarata goma lokacin, ba a jima da raba mu da Sakkwato aka ba mu Kebbi ba. Duk ranar kasuwar Wara mu biyu muke kai kifin Inna can daga tungarmu ta bakin ruwa. Dokar gida ce: Yaya ta ɗauka daga gida zuwa tsaka, ni daga tsaka zuwa kasuwa. Tsaka kuwa kowa ya san ta, wata doguwar giginya ce a gefen hanya. Ba wanda ke cewa giginya ma. "Mu haɗu tsaka." "Ruwa ya kama mu tsaka." Mai rakiyar baƙo nan yake juyawa.

Ni dai kullum sai in isa kasuwa wuyana kamar zai tsinke, Yaya kuma garau. Na yi ƙorafi har na gaji. Ta sa mini suna raguwa, yaran tunga suka ɗauka. Ranar nan Inna ta ce, "In kin sake yi mini kukan wuya kin bar zuwa Wara. Ki zauna gida ki yi ta hura wutar banda."

Haba! Wara fa, inda nake ganin mota, in sha rake?

Kasuwa ta gaba na ɗebi masara a aljihun rigar makarantata. Duk taki ɗari sai in ɗauki ƙwaya ɗaya in ƙulle a bakin zane. Daga gida zuwa giginya ƙulli ɗaya, daga giginya zuwa kasuwa wani ƙullin a bakin kallabi. Yaya na ta jana da magana, na yi mata banza, kar lissafi ya ɓace.

"Ke, aljanu kika samu? Mi kike ta motsa baki?"

Na ci gaba da ƙirgata.

Da muka dawo na ɗauko faifai na juye ƙulli biyun gaban Inna, kowane gefensa. Na Yaya ashirin da uku. Nawa talatin da tara.

Yaya ta yi tsalle. "Ƙarya ta kai! Da kaya a kai ai dole taki ya gajarce!"

Na san za ta faɗi haka. Na kwance wasu ƙullin biyu, na dawowa, da na ƙirga hannu rabbana. Bambancin bai wuce ƙwaya ɗaya ba.

Inna ta dubi faifai. "To amma tun ina yarinya nan ne tsaka."

Sai muka ji dariya daga bakin bukkar banda. Kakarmu ce, uwar Baba, tana juya kifi.

"Kai, wannan 'yar ja'irar ta kama mu. Giginya tsaka ce, amma ba daga nan ba. Daga tsohon gari munka auna ta."

"Wane gari kuma, tsohuwa?"

Ta nuna ruwa da sandarta, can inda jiragen masu taru ke shawagi. "Ga shi can ƙasa. Da dam ya ci garin anka matso da mu nan. Gari ya tashi, giginya ba ta tashi ba, baki kuma bai saki sunan ba."

Wato shekara ashirin da wani abu duk ƙanen da ke tungar nan yana ɗaukar rabon gari wanda kifi ke kwana cikinsa!

Inna ta ɗebi ƙwaya takwas daga nawa ta tura cikin na Yaya. "Kasuwa mai zuwa, ki wuce giginya da wannan."

"Inna!"

"Ba ke ce mai ƙarfi ba?"

Wayyo daɗi! Ranar da muka iso giginya Yaya ta rage tafiya don sabo, na wuce ta ina karkaɗe hannu, ina ƙirga mata da ƙarfi. Taki ɗari takwas ya kai mu wani jan suri kusa da gonar albasa. Nan na naɗe gammona a tsanake, na ce, "Kawo, raguwa."

Kafin damina ƙannen maƙwabta duk sun tayar da rigima a gidajensu. Manya ba su daina kiran giginya tsaka ba, har yau. Amma kaya a suri ake sauya shi, suna ce masa tsakar auta.

Yanzu a birni in wata ta ce mini mu haɗu a tsakiya, sai na fara tambaya daga ina ta auno. Ku fa, tsakar da kuke karɓar kaya, kun taɓa taka ta da ƙafarku kun ƙirga?