Dusar Ƙanƙara a Kan Kufena

Kawuna Martin ya shekara ashirin yana zanen daji, ba wanda ya taɓa rataya ko ɗaya a falonsa. A 2004 Ogbonna, mai shagon hoto a Sabon Gari, ya sa shi ya zana masa dutsen Kufena a kan labulen da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto. Sati uku Kawu yana taka keke daga Samaru zuwa dutsen Kufena. Ogbonna na ganin zanen ya ɓata rai.

"Oga Martin, wa zai ci ado ya tsaya a daji? Sa dusar ƙanƙara, kamar Turai."

Kawu ya ja tsaki, ya lafta wa kan dutsen farin fenti. Amaren Zariya suka yi ta tsayawa a gabansa suna murmushi, ko ɗaya ba ta gane Kufena ba.