Ƙaryar da Na Yi Don Gudun Rawa

Shekara biyu da suka wuce, ina ɗan shekara goma sha biyar, ni ne sarkin ƙarin gishiri a Zongon Lome. In na ga ɓera sai in ce akuya ce, in aka yi yayyafi sai in rantse da iyo na isa lekol, wato makaranta. Ba abin da na tsana kamar rawar animasiyo, wadda ake tara mu 'yan makaranta cikin rana muna tafi muna yabon jam'iyya. In an juya dama ni hagu nake yi, har 'yan mata suka sa mini suna agwagwa. Wata Laraba na sulale na tafi ƙwallo.

Washegari malaminmu ya tare ni da bulala. Nan take na tuna da abokina, ɗan maƙwabtanmu, wanda ya yi wata biyu a kwance. Iyayensa sun ce mana shawara ce, za ta wuce, shi ma abin da ya sani ke nan. Na ce wa malam jinyarsa na tsaya. Da na ga bai sauke hannu ba sai na ƙara da cewa likita ya ce ba zai kai Babbar Sallah ba, har na matso hawaye. Malam ya ajiye bulala ya dafa kafaɗata. Na fito ina yi wa kaina kirari.

Ranar Juma'a malam ya kwaso ajinmu duka zuwa dubiya. Ya riƙe hannun abokina, ya ce ya yi ƙarfin hali, mun ji abin da likita ya faɗa. Abokina ya dube ni ya fashe da dariya, don ya san aikina ne, ya juya wajen mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, don ita ma ta dara. Inna ba ta dara ba. Kofin ruwa ya suɓuce daga hannunta, ta tambaya wa ya fitar da maganar daga asibiti. Ashe ciwon jini ne marar magani, ita da mahaifinsa kaɗai suka sani.

Na yi kwana huɗu ina zagaye ƙofarsu, sai abokina ya aiko a kira ni. Ya ce tunda na riga na binne shi, ba sauran dalilin hana shi yawo, in kawo keke. Na goya shi har kasuwar Adawlato, ya ci soyayyen kifi da barkonon da aka hana shi. Muka gangara bakin teku, ya sha ruwan kwakwa, ya tilasta mini rawar animasiyo a kan yashi, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce wata biyu ya ɓata yana jiran sauƙi, yanzu kullum da safe shi ke zaɓar abin da zai yi. Amma ran nan yana kallon ruwa ya tambaye ni ko mutuwa da zafi. Karo na farko a rayuwata na nemi ƙarya na rasa.

Wasu za su ce alheri na yi masa. Ni na san bulala na guda. Na ƙwace wa uwa damar gaya wa ɗanta da bakinta, a lokacin da ta zaɓa. Kuma Inna ta ɗora laifin a kan wata maƙwabciyarmu mai aikin shara a asibitin, ta daina amsa gaisuwarta, ni kuwa ina ji na yi gum.

'Yan uwana masu bakin ba'a, ku yi wasa da komai, amma kada ku ari ciwon wani don ku tsira, ba ku san abin da ake ɓoyewa a ɗakinsa ba. In kun yi ɓarna ku faɗa da wuri, kullum ƙara nauyi take.

Abokina ya rasu saura kwana tara Babbar Sallah. Har yau Inna ba ta magana da matar nan, kuma har yau ban gaya wa Inna cewa ni na ƙirƙiro zancen ba.