Akwatin Amaro a Ƙofar Kotu

Amaro tun yana ƙarami hannunsa da bakinsa ke riga kansa. Ni Herminia yayarsa ce, ni na goye shi, na sani. Ranar da wani ya ce kogin Miño ya cika ba ya ƙetaruwa, kafin mai maganar ya rufe baki sai takalmansa aka gani a bakin gaɓa. 'Yan Fotugal na tsallake ne suka tsamo shi kamar jiƙaƙƙen kare. Ya taɓa zuwa kasuwa sayen fartanya ya dawo da makahon jaki, wai kallon da jakin ya yi masa ne ya ba shi tausayi. Aure ma haka ya yi shi, haka kuma matar ta kwashe kayanta.

Babanmu mai dafa barasa ne. In an gama matsar inabi sai ya ɗora tukunyarsa ta tagulla a amalanke ya bi gida-gida, yana dafa wa mutane dusar inabinsu har farar barasa ta fara ɗiga. Ɗigon farko ake ɗanɗanawa a san ko wuta ta yi daidai. Da harshen tsoho ya mutu, sai ya riƙa miƙa wa Amaro ɗan kofin, yana cewa, "Ɗan taɓa, auta, ka gaya mini." Lokacin ko gashin baki bai fara ba. Baba ya rasu, Amaro ya gaji tukunya, ya gaji ƙishirwar da ke cikinta.

Shekaru aka yi ana tsintar kwalabe a akurkin kaji, a cikin buhun dankali, har a takalmin ruwa. Lokacin sanyin da ya wuce aka tsince shi shi kansa a gonar inabi yana aman jini. Likita ya ce a kira fada, limamin cocinmu. A nan na yi wa waliyyiyar garinmu alkawari: in ta dawo da shi, ranar bikinta zai kwanta a buɗaɗɗen akwatin gawa a zaga coci da shi, yadda duk wanda ya leƙa lahira ya dawo yake yi. Ta kuwa dawo da shi. Kowa a wajenmu ya san halinta. Wanda bai shiga akwatin a buɗe ba, zai shige shi a rufe kafin bikin baɗi.

Daga asibiti Amaro bai sake kurɓa ba. Casimiro kafinta ya zo ya auna shi, aka jingine akwatin a bayan ƙofar ɗakinsa. In ƙishirwa ta taso, warin kyandir yake fara ji, ko da babu wanda ya kunna. Sai ya tashi ya je ya dafa akwatin da hannu biyu har ta wuce. Abin da ya riƙe shi ke nan wata da watanni.

Ana saura kwanaki kaɗan biki, sunansa ya fito a ƙuri'a cikin mutum tara da za su taya alƙali yanke hukunci a kotun birni. Da ya ce ba shi da lafiya, da sun ƙyale shi. Amma da aka tambaye shi ko yana da uzuri, "babu" ta riga ta fita.

"Kai?" na ce. "Kai da ka sayi makahon jaki za ka yanke wa ɗan Adam hukunci?"

"To Yaya, jakin ya taɓa kai ƙarata?"

Wanda ake tuhuma sunansa Eladio, leburan gonar inabi, siriri, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya farka da rana tsaka a gindin wata katangar dutse, abokin shansa na kwance gefe da fasasshen kai, ba rai. Ko ture shi ya yi, ko faɗowa mutumin ya yi, ba wanda ya gani. Wata maƙwabciya dai ta ji suna zage-zage. Duk abin da lauya ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Ban tuna ba, ranka ya daɗe." 'Yan kallo suka yi ta tsaki. Amaro bai yi ba. Ya san wannan ramin. Shi ma ya taɓa farkawa da jini a riga bai san na wane ne ba.

Ana cikin sauraron shaidu, warin kyandir ya zo. Babu akwatin da zai dafa, sai ya shiga ƙirga abokan zamansa don ya shagaltar da kansa. Ya ƙirga har da shi kansa ya samu goma, alhali su tara ne. Ya sake, goma. A ƙarshen bencin akwai wani tsoho mai baƙar hula, hannuwansa duk baƙin tukunya, ya ɗora ɗan kofi a gwiwa. Bai kalli alƙali ba, bai kalli Eladio ba. Amaro yake kallo, irin kallon nan na mai jiran a gaya masa ko wuta ta yi.

Marigayi babanmu ne. Daga ranar bai fashi zama ba.

Shari'a ta yi ta jan ƙafa, sai ranar jajibirin biki aka shigar da su ɗakin shawara aka rufe. Ba waya, ba magana da kowa na waje, ba zuwa gida sai bakinsu ya zo ɗaya. In za a ce mutum ya yi laifi sai bakwai sun yarda, in za a sake shi sai biyar. Suka naɗa Doña Pura, tsohuwar malamar makaranta, ta shugabance su. Kafin rana ta yi sanyi kowa ya san matsayin kowa. Shida sun ce ya yi, biyu sun ce ba a tabbatar ba. Saura Amaro.

Da yake bakinsa ba ya riƙe magana, ya riga ya ba su labarin akwatin. Lito, wani direban bas mai tumbi, ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai mai akwati, ce e mu watse mana. Gobe ba jana'izarka ba ce? Ango ma ba ya makara, balle gawa."

"Lito, ka kama bakinka," in ji Doña Pura. "Nan ba tasha ba ce."

"Gaskiya na faɗa, malama. Ni matata na jirana, shi kabarinsa na jiransa. Wa ya fi wani gaggawa?"

Aka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi nasa da baki. Amaro ya zauna kan tafukansa. Yana jin "e" na hawowa daga cikinsa da gudu, kamar duk sauran da suka taɓa jefa shi a ruwa. Kalma ɗaya, ya kwana a gida, gobe ya kwanta a akwatinsa. Can ƙarshen tebur tsoho ya ɗaga kofin kaɗan, ya gyaɗa masa kai.

Gyaɗa kan ne ya tsayar da shi. Ya duba cikinsa ya ga babu Eladio a cikin wannan "e" ko kaɗan, ƙofar fita ce kawai a ciki.

"Amaro?" in ji Doña Pura. "Da kai ake."

Ya ciji harshe har ya ji gishirin jini. "Ban ga ya ture shi ba."

"Mu ma ba mu gani ba, bawan Allah. An tabbatar ko ba a tabbatar ba?"

"Ba a tabbatar ba."

Lito ya doki tebur. "Shi ke nan! Gawa ta ƙi ramin, ta hana masu rai tafiya."

Shida da uku, ba a kai ko'ina ba. Aka kai su masauki da 'yan sanda, washegari aka dawo da su ɗakin.

Ranar biki ta zo da zafi, irin wanda ko tsuntsu ba ya kuka. Suka yi ta juya magana ɗaya har azahar. Aka kawo abinci, kifi da dankali da burodi, da kwalbar jar giya a tsakiya yadda ake kawowa ko'ina. Amaro ya kalli hasken taga ya san yanzu an fito daga coci. Yanzu an ɗaga akwatuna a kafaɗa, mata na waƙa, nasa kuwa yana jingine a bayan ƙofa. Ya saɓa alkawari. Tunda waliyyiya za ta zo ta ɗauka da kanta kafin baɗi, wa kuma yake yi wa azumin?

Tsoho ya bar ƙarshen tebur. Yana zaune gefensa yanzu, kafaɗa na gogar kafaɗa, sanyi na fitowa daga rigarsa. Warin kyandir ya cika ɗakin har kifin ya daina ƙamshi. Lito yana ta surutu yana zuba wa kowa, bai lura ba ya cika kofin Amaro.

"Kai Lito!" in ji Doña Pura.

Ta makara. Yatsun Amaro sun riga sun rufe kofin. 

Sai waƙa ta taso daga ƙasa. Muryoyi ne kaɗan, a hankali, waƙar rakiyar gawa ta garinmu, a tsakiyar birni da rana tsaka. Cokula suka tsaya. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka je taga. Filin gaban kotu fayau yake, kowa ya gudu inuwa. Motar mai burodi ce kaɗai a tsaye, da maza huɗu sun cire huluna, da wata mata cikin baƙaƙen kaya riƙe da kyandir mai tsawon mutum. A tsakiyarsu an tsayar da akwatin gawa a buɗe, bakinsa na kallon tagar, ba kowa a ciki.

Wata yarinya cikin masu hukuncin ta yi alamar gicciye. "Wayyo Allah, wa ya mutu?"

"Ni ne," in ji Amaro.

Matar nan ni ce. Da fada ya ce waliyyiya ba ta jiran kowa, na ce masa ranarta dai ba ta ƙarewa sai rana ta faɗi. Na tara Casimiro da 'yan'uwansa muka ɗora akwati a mota. Ɗan sandan ƙofa ya ce an hana magana da na ciki. Na ce, "Ɗana, ban zo magana ba, tsayuwa na zo yi. Ita ma an hana?" Ya kalli akwatin, ya ja baya.

Amaro ya daɗe a tagar kafin ya lura cewa da kofin a hannu ya taho. Ya miƙa wa Lito.

"Riƙe mini. Ko na yi kuka kada ka dawo mini da shi."

Lito bai yi ba'a ba. Ya juye shi a tukunyar fure. Amaro ya waiwaya ya ƙirga ɗakin, tara. Ya sake leƙa ƙasa, sai ga tsoho can bayan akwatin, ya shiga layin maza ya cire hula shi ma, hannunsa babu kofi.

Da la'asar aka sake kiran suna. Inuwar kotu ta riga ta rufe rabin filin, yana gani, amma da aka zo kansa ya ce ba a tabbatar ba, bai ko ciji harshe ba. Wani mai kantin magani ne, cikin biyun da ke tare da shi, ya sake duba hotunan katangar ya sauya. Bakwai ta cika ba da shi ba. Aka karanta wa Eladio hukunci, ya sunkuya yana kallon hannuwansa kamar an ba shi aronsu. Har yau Amaro bai san ko sun yi daidai ba, kuma bai ce ya sani ba.

Ya sauko matakalar kotu da gudu. Ko gaisuwa ba mu yi ba, ya haye bayan mota ya shige akwati da takalminsa. Mai burodi ya taka mota kamar an biyo shi. Muka isa gari rana na zaune a kan tudu, ja wur, saura ƙiris. An watse. Coci a kulle, ƙasa duk ɗigon kyandir da bawon gyaɗa, sai wani kare na yawo. Suka ɗaga shi a kafaɗa, ni ina gaba da kyandir ina waƙa ni kaɗai, muryata na dukan bango tana dawowa.

"Wai Herminia, me kike ba shi ne?" in ji Casimiro yana nishi. "Na auna mutum ɗaya, wannan kuwa nauyin biyu ne."

"Yi shiru ka yi tafiya," in ji ɗan'uwansa, bai yarda ya waiwaya ba.

Suka gama zagayen, suka sauke shi a ƙofar coci da sauran haske a bango. Na leƙa. Idonsa a rufe, hannu a ƙirji, fuska fari fat. Na kira sunansa, shiru. Na girgiza shi, shiru. Maza suka fara ja da baya. Na ajiye kyandir na zabga masa marin da sai da tattabarun coci suka tashi.

Ya buɗe ido ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Haba Yaya! Rabona da barci irin wannan tun kafin asibiti. Ki samo mini ruwan sanyi, ki bar mutum ya huta."