Tsayin Mma da Kwano a Cikin Ɗankwali

Shekarar da yayana da ke Turai ya biya wa mahaifiyarmu Mma kujerar Makka, gidanmu na unguwar Mamobi ya koma gidan biki. Mma ta yi guɗa har murya ta dishe, ta shiga rawa da muciya a hannu. Ana cikin rawar gwiwarta ta ce ƙas, ta zauna daɓas a kan turmi, mu kuwa muna ta tafi, mun ɗauka sabon salo ne.

A asibiti nas ta ɗora ta a sikeli, kilo casa'in da huɗu. Ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa in ba ta rage ba, a keke za a tura ta ɗawafi. Mma ta dawo gida tana huci.

"Ni? A tura ni kamar buhun albasa a gaban Ɗakin Allah? Da ƙafana zan zagaya, sau bakwai, ko gwiwan ya so ko bai so ba."

Nawa za a rage? Nas ta faɗa, amma haushi bai bar Mma ta ji ba. Ni kuwa lokacin ina aiki a wani kantin magani a Adabraka, saboda haka ni ce likitar gida, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na gyara murya na yi mata karatu: a auna tsayin mutum da santimita, a cire ɗari, abin da ya rage shi ne kusan nauyin da ya dace da shi. Mai manyan ƙasusuwa a ƙara masa kaɗan, mai ƙanana a rage.

"Wato dogo ya fi samun rangwame?" in ji Mma.

Na ce haka ne, na kuma ce gobe Asabar za mu auna. Wautar da na yi ke nan. Matar da ta shekara talatin tana sayar da wake da shinkafa a tashar Tudu, ita na ba yini guda ta yi tunani.

Da hantsi Gwaggo ta iso da tef a wuya. Ƙanwar babanmu ce, tela, siririya kamar tsinken tsire, kuma ita ke yi wa Mma ɗinki tun tana amarya. Muka zaɓi bangon kicin, na riƙe gawayi, muka yi ta kira. Can sai labule ya ɗaga.

Wayyo, cikina! Mma ce ta fito da ɗauri irin na uwar biki, ya tashi sama kamar hasumiya, zane kuma yana jan ƙasa. Tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a bango, fuska a murtuke.

"Ka auna da kyau," ta ce mini. Mma "ka" take ce wa kowa, mace da namiji, kamar yawancin mutanen zangonmu.

Gwaggo ta hau kujera ta ja tef. "Ei! Ɗari da tamanin. Yaya, yaushe ka zama soja?"

"Cire ɗari, tamanin," Mma ta ce tun kafin in buɗe baki. "Sha huɗu kawai zan rage. Alhamdu lillahi."

Ta juya za ta taka rawar nasara, sai ƙafa ta gurɗe. Takalmina mai tsini na zuwa biki ya yi tsalle daga ƙarƙashin zane, ɗauri ya warware, kwanon miya ya faɗo daga ciki ya yi ta ƙara a siminti yana juyi, ya ƙi tsayawa. Gwaggo ta sauko ta kwanta a tabarma tana shure-shure. Ni hawaye nake yi. Mma da kanta ta riƙe ciki tana cewa shaiɗan ne ya sa kwanon, ita ba ta san da shi ba sam.

Da muka samu numfashi na ce a duba ƙashi. Mutum zai zagaye wuyan hannunsa da babban yatsa da na tsakiya. In sun hau juna ƙashinsa ƙanana ne, in sun taɓa matsakaici ne, in sun ƙi haɗuwa manya ne. Na Gwaggo suka haɗu har da saura. Na Mma ko gaisawa ba su yi ba.

"Kun gani? Ƙashi ne! Shekara nawa ina faɗa muku ba ƙiba ba ne?"

"Ƙashin da ke rawa in kana tafiya?" in ji Gwaggo. Mma ta bi ta da muciya.

Daga nan na tsayar da ita a bango, ƙafa ba takalmi, kai ba ɗankwali. Na ɗora littafi a kanta zan ja layi, sai na lura ƙasa nake kallo. Ni da na tashi ina ɗaga kai in dubi Mma, ga shi ina ganin tsakiyar kanta. A wurin akwai wani fili kamar tafin hannu, ba gashi ko ɗaya, fatar ta yi sulɓi. Nan gammo yake zama. Ban taɓa gani ba, don ban taɓa ganinta daga sama ba.

"Ɗari da hamsin da shida," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙarya! Tef ɗin ya lalace. Na fi ka tsawo."

Gwaggo ta daina dariya. Ta ce, "Yaya, tef lafiya lau yake. Na daɗe ina rage tsawon rigunanka, kaɗan-kaɗan, duk Sallah. Ya kai inci biyu da rabi. Ban faɗa ba ne kawai."

Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani haushin kaina, ni mai lissafi da gawayi. Babbar tukunyar wake da shinkafar nan da ta yi ta hawa kanta kowace safiya zuwa bakin titi, ita ta biya mini makaranta har na iya cewa santimita.

Mma ta shafa kanta, ta dube ni, ta dubi Gwaggo, sai ta tuntsire da dariya.

"To ai ba ɓata ya yi ba, ku kuka cinye shi. Maza ka mayar mini da abina cikin lissafi."

Na mayar. Hamsin da shida, da ƙarin manyan ƙashi, da santimita shidan da muka ci, na rubuta sittin da takwas a bangon kicin. Da muka kai wa nas lissafin ta yi dariya har da buga tebur. Ta ce lissafin nan kintace ne kawai, kada Mma ta kashe kanta da yunwa, ko kilo goma ta sauke gwiwa za ta gode mata.

Wata takwas muka yi. Malmalar tuwo ta koma ɗaya, man da ke iyo a miya ya ja baya, kowace safiya ita da Gwaggo suna takawa har Kokomlemle su dawo suna faɗa. Sau biyu na kama ta da wagashi, wato cuku soyayye, a bakin zane, ta ce ajiya aka ba ta. Sha ɗaya ta sauke. Sittin da takwas yana nan a bango har yau, ba wanda ya kai shi, ba wanda ya goge.

Ranar da ta dawo daga Makka, gida ya cika, ana ta Hajiya, Hajiya. Na kutsa na tambaye ta abin da ke raina: keke ko ƙafa?

"Ƙafa mana! A zagaye na biyar gwiwa ya fara magana. Na kai hannu zan gyara kaya, sai na ji ba komai a kaina." Ta shafa tsakiyar kanta. "Ashe haka tafiya yake da sauƙi, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mini."