Ƙotar Alƙalami da Yatsun Babakura

Ranar Talata, sha biyu ga watan Nuwamba, dab da la'asar, aka shigo da gawarka Gwange a bayan a-kori-kura, Babakura. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ka fita da safe roron wake a gonarka ta bayan Dusuman, ku huɗu, 'yan bindiga suka ɓullo daga cikin karan dawa suka tare ku. Wanda ya tsira ya ce sun ba da umarni kowa ya kwanta, kai kuwa ka tsaya kana ba su haƙuri, don tsohon da ke tare da ku gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa da sauri. Harsashi biyu a ƙirji, sara ɗaya a kafaɗa. Ba labari aka ba ni ba, ina cikin waɗanda suka yi maka wanka.

Ni ne Garzali mai keke napep, Bafulatanin da bai taɓa mallakar ko akuya ba. A aji huɗu na firamare na gudu daga makaranta, kuma har yau malamai ba su aiko a nemo ni ba. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan yana ɗingishi ya yi haƙuri. Ba gwaninta ce ta sa na ɗauki biro ba. Shekara shida da suka wuce na karya maka yatsu biyu na hannun dama, a gaban jama'a, kuma har aka sa ka a rami ban buɗe baki na ce ka yafe mini ba. Ni da bakina ba ya rufuwa, kalma uku suka gagare ni.

Duk mai shiga Kasuwar Litinin ta layin masu takardu ya san teburinka, a barandar shagon Godwin mai littattafai da tawada. Agogo, tabarau, laima, tocila, abin da duk ya mutu a hannun mutane kai ake kawo wa. Na sha ganin tsohuwa ta zo da tabarau mai ƙafa ɗaya, ka zaunar da ita a kan kujerarka, kai ka tsuguna a ƙasa kana aikin, kana tambayarta jikoki ɗaya bayan ɗaya kamar kai ka raɗa musu suna. Ni kuwa in na iso sai ka ɗaga murya: "Fulata, bawana, ka zo gaishe da ubangidanka?" In ce kai ne bawan, kakana ne ya sayi kakanka da ƙwaryar nono, nonon ma tsala. Wasan Barebari da Fulani ke nan, mun gaje shi, kuma mu biyu mun ci shi har ƙashi.

'Yata Rumaisa'u ce ta haɗa mu aikin da ya zama sanadi. Tana shekara sha biyu, a zamanin tashin bama-bamai, ɗaya ya tashi kusa da ita a bakin tasha. Ni na ɗauke ta daga cikin gawarwaki, hannunta na hagu yana reto da fata. A wuyan hannu likita ya ƙarasa shi. Allah ya bar mata na dama, ya kuma zuba masa baiwa. Kafin ta kai sha tara, makarantun Islamiyya har daga Bulunkutu suna kawo mata takardun shaidar sauka ta rubuta sunayen ɗalibai. Ni uban, in na kalli rubutun sai in ji kamar an yi mini musanyar ɗiya a asibiti.

Da bakin ƙarfe take rubutu, irin wanda ake cusa shi a ƙotar katako a tsoma a tawada. Tawadar kuwa da ƙaro ake haɗa ta. Sai ta hau cikin ƙotar ta bushe, tsatsa ta biyo baya, bakin ya manne kamar tare aka ƙera su. Mai hannu biyu zai riƙe da ɗaya ya ja da ɗaya. Rumaisa'u da haƙori take ja. Wata rana na same ta leɓe ya tsage, jini da tawada sun haɗu a haɓarta, tana goge wa da mayafi don kada in gani. Na ce kawo, ai kina da uba. Na ɗauko filayar da nake gyaran keke da ita. Baki huɗu na murƙushe a mako guda, na tsaga ƙota biyu, ta uku na maka ta da bango. Sai ta ce, "Baffa, don Allah ka bar taimakona."

Haka na kawo maka matsalar. Ka juya ƙotar a hannu, ka leƙa cikinta da gilashin nan da kake maƙalawa a ido, ka ce in ba ka mako biyu. Abin da ka ƙera ya ba mu dariya ranar. Ka huda katakon tun daga gindi, ka zura ƙarfen laima a ciki, ka sa masa sifirin da ɗan maɓalli. Kana dannawa, bakin ya yi tsalle ya kafe a jikin kwali. Godwin ya leƙo ya ce, "Baba, wannan alƙalami ne ko bindiga?" Muka kwashe da dariya, har da ni, har da tafi.

Kwana goma ya yi yana aiki. Ran na sha ɗaya, ina gida na dawo cin abincin rana, ƙaro ya riƙe bakin. Rumaisa'u ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Sai ta juyo da shi wajen fuskarta don ta ga abin da ya tare. A nan ya saki.

Ƙarar da ta yi irin ta ranar tasha ce. Na fito na ga ƙarfe a tsaye a ƙarƙashin idonta na dama, jini ya rufe rabin fuskar. A asibiti suka zare shi, ɗinki huɗu. Likita ya ce tsakaninsa da ƙwayar idon bai kai faɗin shinkafa ba. Na bar ta da uwarta. Ban san yadda na tuƙa keke zuwa kasuwa ba, na dai san ban taka birki ba.

Kana zaune kana gyaran agogon mace. Ka ɗago kana murmushi, ka fara, "Fulata, baw..." Na zari sakatar ƙarfen da Godwin ke kulle shago da ita, na kai maka ita a ka. Ka tare da hannu. Na ji ƙarar ƙashin, kamar an taka busasshen kara. Na sake ɗagawa na sauke a kan teburin, gilashi ya tarwatse, agogon mutane suka watsu cikin kwata. Da Godwin bai rungume ni ta baya ba, da yau wani ne ke rubuta ta'aziyya, ni kuma ina gidan yari ko ina ƙasa.

Daga nan kasuwa ta rufe ni. Wani ya zuba mini benci a baya. Wani ya sa mini takalmi a baki, haƙorina na gaba a layin nan ya zauna har yau. 'Yan sintiri suka iso da gora, na ji ana cewa a ɗaure shi, wani yana cewa wane ɗauri, a gama da shi. A zamanin nan, in taro ya fara wannan magana, ba a daɗewa.

Sai na ji muryarka a kaina. Ka ratsa su, yatsunka biyu sun juya baya suna kallon inda bai kamata ba, ka tsaya ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ni ina tsakiya a ƙasa.

"Ku bar shi! Bawana ne. Wasa muke."

Shugaban 'yan sintirin ya ce, "Babakura, wane irin wasa ne da sakata?"

Ka ce, "Bafulatani ne, bai san girman abu ba. Saniya ce ta rene shi. Ni da shi ne, ba ruwan kowa."

Wani ya yi dariya daga baya, wani ya kama, taron ya saki. Kana gama faɗa ka zauna a ƙasa ka yi amai saboda zafi.

Wata biyu ban bi layin nan ba. In fasinja ya ce Kasuwar Litinin, sai in ce mai ya ƙare. Ran nan da hantsi sai ga sallamarka a ƙofar gidana, hannu ɗaure a wuya. Ban san inda zan sa ido ba. Ba ka ko kalle ni ba, ka ce a kira maka Rumaisa'u. Ta fito da tabo a fuska, ka durƙusa, dattijo da kai, ka ce, "Rumaisa'u, na cuce ki. Ki yafe mini." Ta fashe da kuka. Ni ina tsaye kamar turken da aka manta.

Sannan ka zaro sabuwar ƙota daga aljihu. Babu sifirin, babu maɓalli. Ka tsaga kan katakon biyu kamar muƙamuƙi, ka sa masa zoben tagulla mai ɗan kunne, don tagulla ba ta tsatsa. In zoben yana gaba, ya matse bakin. In za a cire, sai a maƙala kunnen a gefen tebur, kan alƙalamin yana kallon ƙasa, a tura da hannu ɗaya. Zoben ya ja baya, muƙamuƙin ya buɗe, wani ɗan harshen tagulla a ciki ya ɓalle busasshen ƙaron a hankali, bakin ya faɗo ƙasa. Ka yi kunnen ta yadda ba zai kama tebur ba sai kan yana ƙasa, ko mutum ya so ya juyo shi wajen ido ba zai buɗe ba. Ka kuma yanka 'yar kwata kewaye da wuyan, inda tawada za ta tsaya ba ta hau ciki ba. Duk da hannun hagu ka yi wannan, kana danne katakon da gwiwa.

Ta gwada, bakin ya faɗo kan tabarma ba ko ƙara. Ka ce mata, "Na farkon, mai hannu biyu ne ya ƙera shi. Ban san komai ba a lokacin. Ubanki ne ya sa ni makaranta, wata biyu ina aji."

Nan ne wurin, Babakura. Ƙofa a buɗe, kai ka buɗe ta da kanka, ka ma nuna mini yadda ake yi. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne: "Ka ga amfanin ubangida. Da ban hore ka ba, da har yanzu bindiga kake ƙerawa." Ka yi dariya. Na yi dariya. Na ce a raina shi ke nan, wasa ya wanke.

Yatsun ba su miƙe ba. Ƙananan agogo suka gagare ka, ka koma laima da tocila da agogon bango. Ba ka taɓa faɗa mini ba, Godwin ne ya gaya mini, shi ma sai da na matsa. Ƙotar kuwa ka ƙera ta fi talatin, masu rubutun Alƙur'ani da masu zayyana suna zuwa nema, wanda ya ce a koya masa ka zaunar da shi ka koya masa. Shekara shida ina ɗaukar ka a keke in sauke ka a gida, ina kallon hannun a kan gwiwarka ta madubi, ina ba ka labarin ban dariya.

Ranar wanka ni aka ba ɓangaren dama. Na wanke raunin da 'yan bindiga suka yi maka, ina tsine musu a zuci. Da na iso hannun, na rasa wanda zan tsine wa.

Ran sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na roƙi ƙaninka ya raka ni ƙofar ɗakin matarka, Ya Bintu. Tana bayan labule, cikin takaba. Na tsuguna na ce, "Ya Bintu, ni ne na karya masa hannu. Ba wasa ba ne. Kashe shi na je yi."

Sai ta ce, "Garzali, ka ɗauka ban sani ba? Ni na ɗaura masa tazuge wata biyu. Ni na ba shi tuwo a baki. Shi ya ce mini ya yafe tun kana kwance a ƙasa. Amma yana so ya ji daga bakinka. Duk ranar Sallah, in ya sa hula zai fita, sai ya ce, yau Fulata zai faɗa. Ya dawo in tambaye shi, ya ce, ya ba ni dariya dai."

Na ce, "To ke fa?"

Ta ce, "Ni ma Babarbariya ce, amma ban taɓa wasa da kai ba. Ban yafe ba tukuna. Ka dawo in na fita takaba, in ga ko zan iya."

Ta yi daidai, kuma ban roƙi ragi ba.

Ya Allah, ga bawanka Babakura, naka kai kaɗai, ba na wani Bafulatani ba. Ka jiƙansa, ka karɓe shi cikin shahidai, ka yalwata masa kabari, ka sa tsayuwar da ya yi a kan tsoho a gona da wadda ya yi a kaina a kasuwa su tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Waɗanda suka harbe shi, ka san inda suke kwana, mun bar su da kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Bintu, da 'ya'yansa Abdulwahab da Humaira, da 'yan'uwansa, da Godwin wanda har yau bai bari an ɗauke teburin daga barandarsa ba, da mutanen Gwange baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi nawa.

Kai kuma, Babakura, ga shi a rubuce, kowa ya karanta, tunda kunnenka ya wuce: na zalunce ka, ka yafe mini. Sauran wata huɗu da 'yan kwanaki in koma ƙofar Ya Bintu. Zan je a ƙasa, in tsuguna, in yi shiru har sai ta yi magana.