Baba Lassane da Katangar Gidanmu

Da an fito daga sallar asuba, Baba Lassane yakan zauna a kan benci a ƙofar gidansa, ya sha koko, ya jawo tsohuwar jakarsa kusa da ƙafa. A cikinta akwai tef ɗin awo, da igiyar magina, da fensir, da littafi irin na 'yan makaranta. Kafin rana ta ɗaga, sai ka ga wani ya tsayar da mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya rage murya ya ce, "Baba, zancen katanga ne."

Shi ba alƙali ba ne, bai taɓa aiki a meri ba, wato ofishin magajin gari. Magini ne. Shekara arba'in da wani abu ya yi yana ɗora bulo a Zongo, har ya san inda aka binne yawancin borni, wato 'yan ginshiƙan siminti da hukuma ta kafa a kusurwar kowane fili lokacin rabo. Idan maƙwabta suka saɓa a kan iyaka, yakan je ya tono borni, ya ja igiya, ya auna a gaban kowa. In an daidaita, sai ya rubuta yarjejeniya da Faransanci, ya karanta ta da Hausa, ya sake da yaren Mosi idan akwai wanda bai ji ba, shaidu biyu su sa hannu, a kai meri a buga hatimi. Bayan ambaliyar 2009, da katangun laka suka zube a layinmu, mutane sun gan shi cikin taɓo har gwiwa, gida gida, yana nuna wa kowa inda nasa ya tsaya kafin a fara sabon gini.

Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidanmu, shekara uku da suka wuce.

Maƙwabcinmu Alhaji Usmanu ya rasu, ɗansa Al'amin ya gaji gidan. Tare muka taso da Al'amin. Akwai ma wata 'yar ƙofa tsakanin tsakar gidansu da tamu, ta nan kwanon abinci yake wucewa. Da ya tashi gina bene, sai ya ɗauko mai awon fili na hukuma da na'urarsa. Awo ya nuna katangarmu ta shiga filinsu da santimita saba'in. A jikin wannan katanga kuwa ɗakin mahaifiyata yake, Hajiya Rokia, wadda muke kira Inna. A ɗakin aka kawo ta tana amarya, a ciki mahaifinmu ya cika.

Al'amin ya aiko da takarda cewa mu rushe cikin wata biyu, ko kuwa a haɗu a kotu. Yayana Hamadu ya fusata. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar da ta fara yawo a layi, wai marigayi mahaifinmu ya ci ƙasar maƙwabci. Aka buga ƙusa a 'yar ƙofar nan. Gaisuwa ta yanke. Inna ta daina cin abinci sosai, sai ta zauna ta zuba wa bangon ido.

Ni na je wurin Baba Lassane. Ya zo ya auna, ya sake aunawa, ya auna na uku. Ya naɗe tef ɗinsa ya nufi ƙofa. Na bi shi har soro na ce, "Baba, ƙarya suka yi ko?"

Ya ce, "Lailatu, ba su yi ƙarya ba. Ki ce wa Hajiya gobe bayan la'asar zan dawo. Ki sa a kira Al'amin, da Malam Waliyullahi liman."

Washegari muka taru a tsakar gidanmu, kowa fuska a ɗaure. Baba Lassane bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya tsaya ya dafa katangar.

"Ni na gina wannan," in ji shi, yana duban mu ni da Hamadu. "A 1986. Mahaifinku yana Abijan a lokacin, ya bar mini aikin. An jibge yashi a kan borni, ni kuma ina sauri, na ƙi tonowa, na ja igiya da ido. Shi bai sani ba har ya koma ga Allah. Alhaji Usmanu ma bai sani ba. Ni kaina sai jiya na gane. Duk wanda ya ce mutumin nan ya ci ƙasa, ya zo ya faɗa mini, don laifin a hannuna yake."

Babu wanda zai iya gano haka da ya yi shiru. Mutanen da suka ga ginin duk sun rasu. Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya, wanda unguwa ke rantsuwa da awonsa, ya tsaya a gaban sa'annin 'ya'yansa ya ce shi ne ya karkace layi.

Ya juya wajen Al'amin. "Ɗana, haƙƙinka ne. In ka ce a rushe, da hannuna zan rushe, da hannuna zan sake tayar wa Hajiya ɗaki. Amma ina da wata shawara, in za ka saurara."

Al'amin ya gyara zama. Ya ce, "Baba, ku faɗa."

Shawarar da ya bayar ita aka rubuta ranar. Katanga ta tsaya, ta zama ta gida biyu, Al'amin yana da ikon jingina gininsa da ita. Mu kuma muka ba shi ɗan tsirin fili a bayan madafarmu ya fitar da magudanar ruwansa zuwa titi, abin da ya daɗe yana damun gidansu duk damina. In wata rana katangar ta faɗi, a kan layin borni za a sake ta. Hamadu ya karanta takardar sau biyu kafin ya sa hannu. Inna ta dangwala yatsa, hawaye na zubo mata, ta ce wa Al'amin, "Ka gaida Zainabu, ka ce ina nemanta." Zainabu matarsa ce, wata biyu ke nan ba ta leƙo mu ba. Kafin magariba Hamadu da kansa ya ɗauko guduma ya zare ƙusoshin ƙofar.

Baba Lassane, kai ne ka wanke sunan mahaifina da naka sunan. Kai ne ka bar wa tsohuwa ɗakinta, ka bar wa maraya haƙƙinsa, ba ka tauye kowa ba. Mai igiyar gaskiya, uban maginan Zongo, mun gode.

Yanzu idonsa ya yi rauni, lambobin tef ba sa karantuwa gare shi. 'Yarsa Ni'ima za ta ɗauke shi zuwa gidanta a Dapoya ƙarshen wata. Da na je yi masa godiya, sai ya katse ni ya ce abu ɗaya ne ke damunsa: akwai borni da yawa da ƙasa ta binne, shi kaɗai ya san wurinsu.

Don haka ranar Asabar da hantsi zai zaga layukanmu da sandarsa, ya nuna su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Zongo, ku fito. Kowa ya zo da maƙwabcinsa, ku ga iyakarku tare, ku rubuta tun kuna gaisawa. Wanda kuma ya tarar shi ne ya shiga filin maƙwabci, ya tuna yadda tsohon nan ya tsaya a tsakar gidanmu, ya buɗe baki da kansa.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya sa ka gama da duniya lafiya. Inna ta ce in gaya maka ba ta idar da salla ba tare da ta ambaci sunanka ba.