Matar da Inna Ke Juya wa Baya

Ni ake aikowa a ɗauka idan za a yi aure a danginmu. Ban zauna ajin boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba, amma zaunar da ni kan tabarma ka ce in jero maka gidanmu. Zan taso tun daga kakan kakana da ya kafa bukka a bakin gulbin Argungu, in bi maza in bi mata, wa ya haifi wa, wa ta auri wa, har in sauke ka kan jaririn da aka yi wa aski bara. Kuma duk sa'ad da na kai ƙarshe, sai in ɗaga murya in ce mu baƙaƙe ne masu sheƙi, babu abin da za a nuna mu da baki a kansa. Haka na tsufa ina faɗa.

Autana yana zaune a Gesse, ni kuwa ina tsohon gidan marigayi mijina a Nassarawa, duk a nan Birnin Kebbi. Matarsa ɗiyar malamai ce, baƙa kamar shi, mai ladabi, ban taɓa kama ta da laifi ba. Ranar da aka ce ta sauka lafiya an samu mace, na yafa mayafina mafi tsada na tafi barka.

Tun daga bakin ƙofa na ji abin da bai yi mini ba. Ɗakin mai jego cike da mata, amma shiru, babu mai tsokanar wani. Uwar mai jegon ce ta miƙo mini jinjirar a naɗe. Na buɗe zane.

Na san jarirai, na wanke da yawa da hannuna. Kowane yakan zo da haske, sai a duba bakin kunne da gindin farce a san launin da zai ɗauka. Na duba kunne, fari. Na duba farce, fari. Gashin kanta kamar gemun masara, gashin ido fari fat, ƙwayar idon kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Zabiya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Wagga ba tamu ba ta."

Uwar mai jego ta dube ni. "Hajiya, to ta wa ta?"

"Ku bincika gidanku. Mu dai ba mu da shi."

Ni jini nake nufi, Allah shi ne shaida. Amma mata sun ji abin da suka ji. Mai jego ta juya fuska bango, kafaɗunta na girgiza. Uwarta ta karɓe jinjirar daga hannuna a hankali, ta ce, "In anka yi suna za mu tafi da ɗiyarmu wanka. Kada kowa ya wahalar da kai da biko."

Da la'asar autana ya same ni a gida. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, amma idonsa ja.

"Inna, likita ta yi muna bayani tun a asibiti."

"Mi likita ta sani game da gidanmu?"

Ya ce in saurara. Wai kowane mutum yana ɗauke da iri biyu na abin da ke ba fata launi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Irin da ke kawo baƙi mai rinjaye ne, ko shi kaɗai ne a jiki sai ya bayyana. Na zabiya kuwa mai lafewa ne. Idan ya haɗu da mai rinjaye sai ya yi shiru, mutum ya fito baƙi wuluk, ya rayu ya mutu bai san yana ɗauke da shi ba, ya miƙa wa ɗansa, ɗan ya miƙa wa jika. Ba ya fitowa fili sai ranar da ya gamu da ɗan'uwansa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wani cikin su haɗu, wani cikin su saɓa.

"Ke nan, Inna, ita tana da shi, ni ma ina da shi. In ba haka ba, da ba a haife ta haka ba."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Amma ni ce, ba na rasa ta cewa. "To na ubanka na."

"Baba ya rasu, ba ya iya kare kansa," in ji shi. Ya miƙe. "Ni dai in ta tafi da ɗiyata, bakinki ya kore su."

Yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba! Na ce ba komai, zan kawo shaida. Ina da yaya namiji a Argungu, shi kaɗai ya rage mini cikin waɗanda muka sha nono ɗaya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Zan sa a ɗauko shi ya zo ya faɗa gaban surukai cewa tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa haifar zabiya ba.

Washegari na shiga mota. Na same shi gindin bedi, wato dalbejiya, yana ɗinkin komar kamun kifi, ko da yake rabonsa da shiga ruwa an jima. Muka gaisa, na kwashe labari na faɗa masa, har da abin da likita ta ce, ina yi ina tafa hannu. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Auta, har yau bakinki bai tsufa ba."

"Yaya, shaida na zo nema, ba faɗa ba."

"Kin tuna farar matar da ka zuwa daga Augie da kaka? Mai kawo albasa?"

Na tuna mana. Ina ƙarama sosai lokacin. Doguwa ce, tana sa malfa irin ta maza, fatarta duk tabo, leɓenta a fashe, tana tafiya ido a runtse. Tare take zuwa da gwaggonmu ta Augie, ƙanwar babanmu, su sauke buhun albasa a zaure. Ni na ɗauka wata ce gwaggo ta tsinta take taimaka mata da noma.

"Na tuna. Innarmu ma ba ta son ganinta. Da ta shigo sai Inna ta juya baya ta shige ɗaki. Ko gaisuwarta ba ta amsawa sai da ka."

Yaya ya ajiye koma. "Ke da kinka haihu, ɗiyarki ta fari, kin taɓa kiran sunanta?"

"Haba Yaya, wace irin tambaya ta wannan? Ka san ba a yi."

"In ta shigo ɗaki kina ciki, mi kika yi?"



Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta zama inda yake. Da an yaye shi sai wata daga dangi ta ɗauka ta riƙe. Ni kaina haka na yi, ɗiyata ta fari a hannun uwar mijina ta girma, har ta yi aure ban dubi tsakiyar idonta ba. Na san wannan juya bayan, na yi shi da jikina. Amma ban taɓa ɗora shi kan Inna da farar matar nan ba, ko sau ɗaya.

"Ba kai ne na fari ba?" in ji ni.

"Ni na biyu. Ita ta fari. Uwa ɗaya uba ɗaya, kamar ni da ke."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Malfar da kika gani, wa kike zato ka saƙa ta? Inna. Kowace shekara sabuwa, mai faɗin baki, don rana na cin fatarta. Ta haɗa da man kaɗe a ƙoƙo ta ba ni, ta ce, kai ma waccan. Waccan, haka take ce mata. In sun tafi kuma sai ta tsaya bayan danga tana leƙe har su ɓace."

Na ce to don me ba a faɗa mini ba? Ya ce wa zai faɗa? Inna ba ta iya ambatonta, baba ma haka, ɗiyarsa ce ta fari. Gwaggo kuwa "ɗiyata" take ce mata, don ita ta raine ta. Ciwon fata ya ci ta tun kafin in yi wayo sosai, ba ta bar baya ba. Ranar da aka aiko da rasuwarta, Inna ba ta yi kuka gaban kowa ba, ta ɗauki tulu ta tafi gulbi, ta daɗe. Ni kuma daga bakin Inna na koyi jerin gidanmu kaf, tana tsefe mini kai tana faɗa ina maimaitawa. Duk wanda ke cikinsa ta ba ni, ban da wadda bakinta ba ya iya furtawa.

Shekara da shekaru ina zama gaban jama'a ina jero mutane har da waɗanda suka mutu a goye, ashe na tsallake yayata. Na ce, "Yaya, mi ne sunanta?"

Ya faɗa mini. Suna ne da na sha ji a gidajen mutane, amma a gidanmu ban taɓa jin an kira shi ba.

Ban tsaya cin abinci ba. Na biya kasuwa na sayi kaba mai laushi, na shiga motar Birnin Kebbi, ban sauka ko'ina ba sai Gesse. Uwar mai jego na tsakar gida tana hura wutar ruwan wanka. Ta amsa sallamata a daƙile. Na wuce ɗaki, na zauna bakin gado, na miƙa hannu. Mai jego ta dubi uwarta da ta biyo ni, sannan ta ba ni.

Na ƙura wa fuskar ido. Goshin nan na Inna ne, tun ran farko yana nan, launi ya hana ni gani.

Ba a san ni da ba da haƙuri ba, kuma ban iya shi ba. Abin da na ce shi ne, "Ɗiyata, wagga tawa ta. Ta wajena ta biyo. Ina da ya, uwa ɗaya uba ɗaya, kamarta sak."

Autana daga bakin ƙofa ya ce wai likita ta ce ba a iya rantsuwa ko ta wajena ne ko ta wajen babansa. Na ce ya rufe mini baki, ubansa bai da abin kirkin da zai bar wa jika sai taurin kai. Uwar mai jego ta yi dariya ba ta shirya ba, ta rufe baki da gefen zane.

Ranar suna, da aka cika gida, na sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiya. Na taso daga bakin gulbi kamar yadda na saba, na bi maza na bi mata. Da na iso kan 'ya'yan Inna na tsaya, na ce akwai gyara. Na saka yayata a gaba inda ya kamata ta kasance, na faɗi sunanta da ƙarfi, na ce fara ce, kuma sunan nan shi aka raɗa wa jinjira da safe, ni na roƙa. Wata tsohuwa daga danginmu ta dafe ƙirji tana salati.

Sun tafi wanka gidan malamai kamar yadda aka saba. Ban aika kowa biko ba, ni na je da ƙafata da aka yi arba'in, da 'yar malfa da na saƙa, duk ta karkace don hannuna ya manta saƙa. Na tarar an riga an ɗaure kaya. Uwar mai jego ta juya malfar a hannu ta ce, "Hajiya, wannan ai sai ta yi shekara biyu kafin ta shige ta."

Na ce ta ajiye, za ta girma. Na goya jikata da kaina, na ja mayafi na rufe mata kai saboda rana, muka fito.